Idan layin jirgi mai gudun 300 ya toshe, wa ake sokewa, wa ake ba hanya?

Ɗan Runjin Sambo:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san aikin dogo. Mu nan Sakkwato ba mu da layin jirgin ƙasa, mafi kusa da mu shi ne tsohon reshen da ya tsaya Ƙauran Namoda. Amma alhazanmu da masu zuwa umara da yawa yanzu suna hawa jirgin Haramain tsakanin Makka da Madina, mai gudun kilomita 300 a awa. Abin da nike son in gane shi ne: idan babbar matsala ta faru a irin wanga layi, misali wayar wuta ta tsinke, ko gobara ta tashi a tasha, ko ruwa ya cinye wani wuri, ga jirage birjik a kan hanya, ga wasu cike da mutane suna jiran tashi, yaya ake sake tsara tafiyarsu? Wa ke yanke hukunci? Da wane ma'auni ake cewa wancan a soke shi, wanga ya jira, wancan ya juya? Kuma mi ya sa matsalar awa biyu da safe take jawo jinkiri har dare, wani lokaci har washegari? Don Allah a warware mani dalla-dalla.

Mai Sigina:

Wa alaikumus salam ƙanena. Hukunci na hannun ɗakin kula da zirga-zirga, ba direba ba, ba kuma shugaban tasha ba. A ɗakin akwai masu ba da hanya, kowa da yankinsa na layi, sai mai kula da wuta, mai kula da taragu, mai kula da direbobi, da babba guda da ke haɗa kansu. Abin aikinsu wani zane ne: lokaci a gefe ɗaya, nisa a ɗaya gefen, kowane jirgi zare ne da ya ratsa a karkace. Inda layi ya toshe sai a shata akwati a kan zanen, gefe ɗaya nisan wurin da ya lalace, ɗaya gefen lokacin da ake zaton gyara zai ci. Duk zaren da ya bi ta cikin akwatin nan, dole a yi masa wani abu.

Amma a mintuna goma na farko ba wanda ke maganar jadawali. Aikin shi ne tsayar da jirage, kuma a tsayar da su inda ya dace. Jirgi mai gudun 300 yana cin kilomita 5 a minti guda, ko birkin gaggawa aka taka sai ya haura kilomita 3 kafin ya tsaya cik. A layi mai cunkoso tazarar jirgi da jirgi minti 4 ce ko 5. Ke nan duk minti biyar da mai ba da hanya ya yi yana jiran ƙarin bayani, wani jirgi ya sake baro tasha ya faɗa bayan na gabansa. Na'urar sigina za ta hana su karo, wannan ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne su jeru a daji ko a kan gada, inda ba dandamali, ba ruwa, ba hanyar mota. In kuma wuta ce ta ɗauke, na'urar sanyi ta mutu nan take, don batir fitilu da rediyo da 'yan ƙananan abubuwa kawai yake riƙewa, tagogi kuma ba a buɗe su. Ka auna wannan da zafin watan Afrilu irin namu, ko na Hijaz. Mutane ba za su daɗe ba za su ɓalle ƙofa su sauko kan dogo, da zarar kuma an ce akwai mutum a kan layi, sai an tsayar da ɗaya layin mai lafiya shi ma. Matsalar layi ɗaya ta koma ta biyu. Ranar 28 ga Afrilun 2025 da wuta ta ɗauke a Sifaniya kusan baki ɗaya, fasinja kusan 35,000 aka yi ta kwasowa daga jiragen da suka maƙale, wasu sai cikin dare.

Saboda haka ƙa'ida ita ce a riƙe jirgi a tashar da ke da dandamali, ko da tana da nisa da wurin matsalar. To amma ƙaramar tashar hanya galibi layi huɗu gare ta: biyu na tsakiya don masu wucewa, biyu na gefe masu dandamali. Jirgi biyu ke nan za ta riƙe da mutunci, ɗaya a kowane ɓangare. In suka cika, sai a koma tashar baya, da ta bayanta, har a kai ga hana jirage tashi daga tushe. Shi ya sa za ka ga an hana jirgi motsi a gari alhali matsalar tana kilomita 300 daga nan, fasinja na ta faɗa.

Abu na biyu shi ne ƙiyasin lokacin gyara, kuma a nan ake yawan faɗuwa. Ma'aikacin da ya fara isa wurin yakan faɗi lokacin da hannunsa zai gama aiki, ya manta da lokacin kawo motar gyaran waya, da kashe wutar mai ƙarfin bolt 25,000 a ɗaure ta da ƙasa, da gwaji bayan an gama. Ya ce awa ɗaya, a tsara komai a kan awa ɗaya, a bar jirage suna ta tasowa, sai abu ya ci awa huɗu. Gara a ɗauki dogon ƙiyasi tun farko. In an gama da wuri, dawo da jirgin da aka soke ya fi sauƙi a kan janyo wanda ya maƙale.

Yanzu ga lissafin da ke nuna jirgi nawa za a soke. A ce layi biyu ne, ɗaya ya lalace, ɗaya na da lafiya. Layukan zamani ana yi masu sigina ta yadda jirgi zai bi kowanne ta kowace fuska, kuma ana sa maƙetara, inda jirgi ke tsallakawa daga wannan layi zuwa wancan, a Faransa kusan duk bayan kilomita 20 zuwa 30. Mu ɗauki misali: tsakanin maƙetara biyu kilomita 30, ana bi da gudun 160. Minti 11 ke nan da ɗoriya. Ƙara minti 4 na rage gudu da juya maƙetara da tabbatar da cewa layi ya fita, ya zama 15. In ana yin ɗaya ya je ɗaya ya zo, jirgi biyu kacal za su wuce ta kowace fuska a awa guda. Dabarar ita ce a tara su a sake su a jere, kamar yadda mai tuta ke yi in ana gyaran hanyar Gusau an rufe hannu ɗaya: ba mota ɗai-ɗai yake saki ba, ayari yake saki. A saki jirage huɗu da tazarar minti 5, na huɗun ya shiga a minti na 15, ya fita a na 30, sannan a juya wa ɗaya ɓangaren. Yanzu huɗu ke wucewa ta kowace fuska a awa. In layin a ranar lafiya goma yake ɗauka, shida sai an soke su ko an juya su, ba wata addu'a da za ta canja wannan. In kuma masu gyara suna aiki daf da layin aka ce a bi da gudun 80, wucewar kaɗai ta koma minti 26, huɗun nan ba su ma kai uku a awa ba.

Ɗan Runjin Sambo:

Na gode Malam, lissafin ya shige ni. Amma mi zai hana a bar su duka su tafi a makare, maimakon sokewa? Ai wanda ya isa da jinkirin awa biyu ya fi wanda aka ce masa babu jirgi.

'Yar Mabera:

Ɗan'uwa, wannan tunanin shi ne ke mayar da matsalar safe ta zama ta dare. A misalin da Malam ya kawo, goma na zuwa, huɗu na wucewa, shida na taruwa duk awa. Bayan awa uku kana da jirage 18 a layi ta kowace fuska, ba tashar da za ta ɗauke su. Ko an buɗe hanya, ba za su watse nan da nan ba, domin layin dama a cike yake da jiragen da lokacinsu ya yi. In iyakar abin da layin ke iya ɗauka 12 ne a awa, jadawali kuma ya riga ya cinye 10, gurbi biyu ne kawai ya rage, 18 ɗin nan sai sun ci awa tara kafin su ƙare. Gudu ma ba zai cece ka ba: rarar da ake sakawa a lokacin tafiya galibi kashi 5 zuwa 7 ne cikin ɗari, wato a tafiyar awa biyu direba bai fi ya rama minti 6 zuwa 8 ba.

Sannan jadawali shi ne mai sauƙin gyara a cikin abubuwa uku. Sauran biyun su ne taragu da ma'aikata. Jirgin da ya taso ƙarfe 7 daga wannan gari, shi ne zai juyo ƙarfe 10 daga wancan, ya sake komawa da azahar. In ya makara sau ɗaya, duk tafiye-tafiyensa na ranar sun makara, sai dai in an yanke guda daga ciki. Sokewa ke nan: ana sadaukar da zuwa ɗaya da dawowa ɗaya don jirgin ya koma kan lokacinsa. Kuma a bibbiyu ake sokewa. In ka soke mai zuwa ka bar mai dawowa, da wane jirgi za a dawo?

Idan layi biyun duka suka toshe, abin da ake yi shi ne juya jirage kafin su kai wurin. Mai zuwa daga arewa ya sauke mutane a tasha ta ƙarshe kafin toshewar, ya ɗauki lamba da lokacin jirgin da ya kamata ya fito daga kudu, ya koma. Na kudu ma ya yi haka. Layi ɗaya ya zama gajeru biyu, kowanne na tafiya a kan lokaci. A takarda abin gwanin sha'awa. A ƙasa sai tashar ta kasance tana da maƙetara a fuskar da ta dace, da dandamalin da jirgi zai zauna minti 15 ko 20: mutane su sauka, a ɗan share, direba ya rufe wannan kai, ya taka har ɗaya kan, jirgi mai tarago 16 kuwa tsawonsa mita 400 ne, ya kunna, ya shigar da bayanan jirgi, ya gwada birki. Dandamali ɗaya bai fi ya juya uku a awa ba. A Japan, ranar 22 ga Yulin 2024, motocin gyaran layi biyu sun yi karo da asuba a layin Tokaido, mai gudu tsakanin Tokyo da Osaka, aka rufe tsakanin Hamamatsu da Nagoya yini guda. Layin da ke iya sakin jiragen Nozomi, mafiya saurinsa, 12 a awa, sai ga shi 'yan kaɗan ake juyawa a Hamamatsu, don ba a gina ta don wannan aiki ba. Jirage sama da 300 aka soke.

A ce a kwashi mutane da bas a tsallake wurin? Jirgin Tokaido guda kujera sama da 1,300 ne, bas mai cin mutum 50 sai an samo 27. Jirgi ɗaya fa. Na Haramain mai kujera 417 bas tara zai ci. Bas na amfani ga jirgin da ya maƙale da marasa lafiya da tsofaffi, amma ba ya maye gurbin layi.

Direbobi su ne ke ba da mamaki. Kowane direba yana da iyakar awannin da doka ta yarda ya tuƙa, da hutun dole a tsakani, kuma ba ya tuƙa nau'in jirgin da ba shi da takardarsa, ko hanyar da bai sani ba. Direban da ya zauna awa uku cikin jirgin da ya tsaya, awanninsa suna ƙonewa ko da bai motsa ba. Sai a buɗe layi, ga jirgi lafiya lau, ga sigina ta ba da hanya, babu mai tuƙi, wanda zai karɓe shi yana can ɗaya gefen toshewar. Mai kula da ma'aikata da ya san aikinsa tun awa ta farko yake kiran na ko-ta-kwana, yana tura su da mota zuwa tashoshin juyawa.

Sai tambayar da ake fara yi tun la'asar: ina kowane jirgi zai kwana? Jiragen asuba suna tashi ne daga inda aka ajiye su da dare, wasu kuma lokacin duba su a gareji ya yi, ba za a sake fitar da su ba sai an duba. A Shinkansen, wato layukan Japan masu gudu, daga sha biyun dare zuwa shidan safe layin na masu gyara ne, ba a cika samun damar kai jirage wofi inda ake buƙatarsu ba. In aka kwana da jirage 20 a gabas alhali 12 ake so, to gobe da safe yamma za ta rasa takwas, ga jinkirin washegari da kake tambaya. Dalilin da ya sa kamfanin layin Tokaido ya daɗe yana dagewa jiragensa su zama tarago 16 da tsarin kujeru iri ɗaya ke nan: kowanne zai iya shiga madadin kowanne, mai tikitin kujera ta 7 a tarago na 5 ya same ta a inda take. Garejin kansa ma abin tsaro ne. A Oktoban 2019 guguwar Hagibis ta cika garejin Nagano a Japan da ruwa, jirage 10 suka lalace, kashi ɗaya cikin uku na jiragen layin Hokuriku. An gyara layi cikin makonni, ƙarancin jirage kuwa ya ɗauki watanni.

Malamin Lissafi:

Hajiya ta gama magana a kan taragu. Zan taɓa tambayar ma'auni, don a nan ba kowa ya yarda da kowa ba.

Tsohuwar al'ada ita ce jirgi mai daraja ya fara wucewa: mai dogon zango kafin mai tsayawa kowace tasha, wanda ke kan lokaci kafin wanda ya riga ya makara. Tana da sauƙin aiki da ita cikin ruɗani, amma ba kullum take ba da sakamako mai kyau ba. Abin da ya kamata a ƙidaya shi ne mintunan mutane, ba mintunan jirage ba. Jirgi mai mutum 900 da ya yi jinkirin minti 20 ya ɓata minti 18,000 na jama'a. Mai mutum 150 da aka soke, aka mayar da mutanensa jirgin da ke biye bayan rabin awa, 4,500 ya ɓata. To amma in shi ne na ƙarshe a daren, ko shi kaɗai ke tsayawa a wata ƙaramar tasha, lissafin ya juye. Shi ya sa in an soke masu tsayawa ko'ina, akan ƙara wa masu gudun tsayuwa, duk da cewa kowace tsayuwa daga gudun 300 tana cin minti biyar ko fiye in an haɗa ragewa da tsayawa da sake ɗaukar gudu. Kamfani kuma yana da nasa lissafin: a Tarayyar Turai jinkirin minti 60 zuwa 119 ana mayar wa fasinja kashi 25 na kuɗin tikiti, daga minti 120 kuwa rabi.

Masu bincike suna zuba duk wannan a kwamfuta: kowane jirgi a soke ko a bari, wa zai riga wa a kowace gaɓa, wane dandamali, tare da sharaɗin tazara da na juyawa. Wahalarsa ita ce yawan zaɓi. Jirage 10 kawai da ke jiran wucewa ta wuri ɗaya ana iya jera su ta hanya 3,628,800, balle 60 a tashoshi 20. Amsar da ta fi kowace kyau, in sai bayan awa guda za ta fito, ba ta da amfani ga mai ba da hanya da ke da minti biyar. Don haka ake yanka lokaci: a warware awa ɗaya ko biyu masu zuwa, a fara aiki da shi, sabon labari ya zo a sake lissafi.

Inda na ɗan saɓa da Malam Mai Sigina shi ne batun ɗaukar dogon ƙiyasi ko da yaushe. In ka soke jiragen awa huɗu, ka sallami fasinja, ka tura direbobi hutu, sai gyara ya ƙare a awa ɗaya da rabi, layi zai zauna wofi mutane na kallo. Abin da ya fi shi ne a raba hukunci biyu: wanda in an yi shi ba ya warwaruwa, da wanda ake iya janyewa. Hana jirgi baro tasha ana iya janye shi cikin minti ɗaya, a yi shi da wuri. Sanar da soke jirgin da sai nan da awa uku zai tashi kuwa, a jinkirta shi har zuwa lokacin da fasinja zai baro gida. Holan ta bi wata hanya: an rubuta shirin ko-ta-kwana tun kafin matsala, na kusan kowane yanki na layi, in nan ya toshe waɗannan a juya su a tasha kaza, waɗancan a soke. Ba shi ne mafi kyau a kowace rana ba, amma kowa ya san shi, ba a ɓata rabin awa ana gardama ta waya.

Baban Gawon Nama:

Yara kun yi ƙoƙari, Allah ya ƙara sani. Akwai abin da ba ku taɓo ba: karkatar da jirgi ta wata hanya, da kuma inda hakan ba ya yiwuwa.

Ranar 26 ga Yulin 2024, ranar buɗe wasannin Olamfik a Paris, aka ƙona wayoyin sigina a layukan Faransa uku masu gudu, na yamma da na arewa da na gabas. Mutum kusan 800,000 abin ya shafa, amma jirage ba su tsaya cak ba, domin jirginsu mai gudu, TGV, yana iya sauka ya bi tsohon layi, faɗin dogonsu ɗaya. An ƙara awa ɗaya ko biyu a tafiya, an soke wasu, zuwa Litinin komai ya daidaita. A Japan ba haka ba ne. Shinkansen faɗin dogonsa milimita 1,435, tsofaffin layukansu 1,067. In ya toshe, ya toshe. Shi ya sa in guguwa na tafe suke sanarwa tun kwana ɗaya ko biyu cewa gobe daga ƙarfe kaza babu jirgi, kowa ya zauna gida, jirage su kwana inda ake so.

Mu halin Japan gare mu ta wagga fuska. Tsohon layinmu na Turawa, har da reshen Zariya zuwa Ƙauran Namoda, 1,067 ne, sabon na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa 1,435. Shi ba ya cikin masu gudun da kuke magana, amma darasin ɗaya ne, har ya fi tsanani, don kilomita 186 ɗin nan daga Idu zuwa Rigasa layi ɗaya ne tal, sai a tashoshi ake ratsewa a ba juna hanya. Babu layi na biyu da za a yi lissafin ayari a kansa. Kuma a layi ɗaya jinkirin jirgi guda yana kama mai zuwa daga gaba kai tsaye, don dole ya jira shi a wurin ratse, sai dai mai ba da hanya ya matsar da haɗuwarsu zuwa wata tasha. Bayan harin 28 ga Maris na 2022 a kan layin, sai 5 ga Disamba jirgi ya dawo. Duk ranar da aka zo shimfiɗa dogo zuwa Sakkwato, abin da ya kamata masu ilminmu su tambaya ba gudun jirgi ba ne kawai. Su tambayi wuraren ratse nawa ne, kilomita nawa tsakaninsu, ina za a ajiye kan jirgin ceto mai dizal.

Game da Haramain da ka tambaya, ɗana: kilomita kusan 450 ne, tasha biyar, Makka, Jidda, filin jirgin saman Jidda, Birnin Sarki Abdullahi, da Madina. Shi ma ba shi da wani layin da zai karkata. Da gobara ta cinye tashar Jidda ranar 29 ga Satumban 2019, shekara guda da buɗe shi, tsayawa aka yi gaba ɗaya, sai a Disamba aka dawo bayan an shimfiɗa ɗan gajeren layi da ya kewaye tashar. Masu kai ayarin umara su kula: kada a sa jirgin ƙasa na ƙarshe ya zama shi ne zai kai mutane ga jirgin sama. A bar aƙalla guda biyu a bayansa, kuma a riƙe lambar mai bas. In an ce an soke, a nemi canji nan take ta manhaja ko wurin sayar da tikiti, don kujerun jirage masu biyowa cikin mintuna suke ƙarewa, ayarin mutum 40 kuwa da wuya ya samu wuri a jirgi ɗaya.

Mai Sigina:

Baba ya yi gaskiya. Malamin Lissafi, na karɓi rabon da ka yi, sai dai soke jirgi a makare ma yana da farashi: mutanen sun riga sun cika tasha, cikar tasha kuwa kan sa a rufe ƙofofi, jirgin da ke shirye ya kasa lodi a kan lokaci.

Saura lokacin buɗewa, wanda shi ne mafi haɗari. Ana gama gyara ba a sakin jirage da cikakken gudu. Na farko yana bi a hankali, direba na duba waya da dogo, wani lokaci ma wofi ake tura shi. In iska ce ta jawo tsayawar, a Sin doka ta ɗaure gudu da ƙarfinta: ta haura mita 20 a daƙiƙa a sauko 200, ta haura 25 a sauko 120, ta haura 30 ba mai shiga yankin, kuma ba a ɗage takunkumin sai ta lafa na wani lokaci, ba da faɗuwar farko ba. Sannan waɗanda suka maƙale tsakanin tashoshi su ake fara fitarwa, sai na tashoshin hanya, na tushe su ne ƙarshe, kuma a sake su a kan lokutan jadawalin da ke gaba, ba a ce sai an biya bashin waɗanda suka wuce ba.

In kuwa sigina ce ta lalace, matsin lambar a rage jinkiri shi ne ke kisa. A Wenzhou ta ƙasar Sin, 23 ga Yulin 2011, tsawa ta lalata na'urar sigina, ta riƙa nuna layi a buɗe alhali akwai jirgi a ciki. An tura jirgi mai lamba D3115 ya lallaɓa a hankali, ya tsaya a hanya, direbansa ya yi ta neman ɗakin kula bai samu ba, aka saki D301 a bayansa. Mutum 40 suka rasu. A jadawali ma D301 ne ya kamata ya kasance a gaba, jinkiri ne ya sauya jerinsu. Ƙa'idar da ake bi in na'ura ta daina faɗin gaskiya ita ce jirgi ɗaya tal tsakanin tasha da tasha, ba a sakin na biyu sai an tabbatar da baki, an rubuta, cewa na farko ya iso da dukan taragunsa. A tazarar kilomita 30 da gudun 40, minti 45 ke nan kowane jirgi, wato bai kai jirgi biyu a awa ba, kuma a kan wannan adadin ake gina sabon jadawalin har masu gyara su sa hannu cewa sigina ta dawo.